Baƙin Mayafina a Cikin Tafki

Wai an yi mini asiri, jama'a. Ni, da shekara sittin da bakwai a duniya, da gwiwar da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure, wai wani bawan Allah ya ga ya dace ya wahalar da kansa ya sa ni a kwalba.

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina baranda, gilashi a kan hanci, ina fama da zare ya ƙi shiga allura, sai ga ƙanwata ta faɗo gidan, ko sallamar ba ta ƙarasa ba. Shekara huɗu na ba ta, amma tun rasuwar maigidana shekara tara da suka wuce ta naɗa kanta uwata.

"Yaya, kin buɗe gurup?"

"Wanne daga ciki? Goma sha ɗaya kuka cusa ni."

"Na gida! Innalillahi, ni dama jikina ya ba ni."

Ta danna mini wayarta a fuska. Hoto ne da aka ɗauko daga bakin ruwa: wani dattijo cikin kwalekwale, da malafa a kansa, ya sunkuya yana zura kwalba a tafki da igiya. An naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle an ɗaure tam. Ƙanwata ta buɗa hoton da yatsu biyu har bakin ƙyallen ya fito. Ƙananan ganyaye na zaren azurfa, jere a gefe. Mayafina ne. Baƙi mai kauri da nake yafawa idan an yi sanyi, wanda duk dangi sun san shi a kafaɗata.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina, dattijon nan shi ne wanda 'ya'yana suka laƙaba wa Mai Kwalabe. Shekararsa saba'in da ɗaya, matarsa ta rasu shekara shida ke nan. Ya yi ritaya daga wata cibiyar binciken ruwa, amma da alama ba a sanar da shi ba, don har yau kullum yana tafki. A asibitin ido muka haɗu wata biyar da suka wuce, muna layin karɓar sabon gilashi. Ruwa ya tsinke, ya rage mini hanya a tsohuwar motarsa, kwalabe na ta kaɗe-kaɗe a baya duk ramin da muka faɗa. A ranar mayafin ya ɓata. Na ce da kowa mantawa na yi. Washegari ya dawo da littafi a hannu, wai ya ji na ce ina son karatu, kuma tun daga nan bai daina dawowa ba. Ranar Asabar ɗin nan ƙannensa za su zo su ga babban ɗana a kan maganar aurenmu.

Na buɗe tawa wayar. Gurup ya kama da wuta. Babban ɗana, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya rubuto:

"Umma, don Allah kada ki ƙara cin komai daga hannunsa. Yau zan kira ƙannensa in ce a dakata da maganar Asabar."

Autata, ma'aikaciyar jinya ce, ta saka fuskar dariya guda biyar, sannan ta ce, "Yaya, ka bari mu ji ta bakin wadda aka sa a kwalbar mana."

"Ba abin wasa ba ne, Auta. Shekara tara Umma na korar masu zuwa. Har tsohon alƙali ta kora. Wata biyar kacal wannan ya yi ta ce to. Ke ba ki ga alama ba?"

Na cire gilashi na goge. Shekara talatin da uku na yi ina koyarwa a firamare, goma sha biyu a ciki ina shugabar makaranta, kuma ban taɓa hukunta yaro a kan "an ce" ba. Na danna saƙon murya.

"Injiniya, kada ka kira kowa. Ka ba ni zuwa Juma'a da la'asar. Ku zo gida dukanku. In na kasa nuna muku abin da ke cikin kwalbar nan, da bakina zan ce a fasa."

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban faɗa a gurup ba. Asirin bai tsorata ni ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni daban ne. Wata biyar mutumin nan bai taɓa ambatar mayafin ba, ni ma ban tambaya ba. A raina na gama tsara komai: ya ninke shi ya adana a aljihun tebur, lokaci-lokaci ya buɗe ya duba ya yi murmushi. Kada ku yi mini dariya, ku ma kuna irin wannan lissafin. Ashe mayafina na can ƙasan ruwa, kifaye na shawagi a kansa.

Na tura masa saƙo: "Ina son ganin aikinka ranar Alhamis."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Alhamdulillahi! Ki sa takalmin da ba kya so. Ki zo da wuri, rana ce shugabarmu a wurin aiki."

Ranar Alhamis sau uku ina canja kaya. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga kamar za ni ta'aziyya. Na sa mai furanni, Auta ta leƙo ɗaki ta ce, "Umma, bincike za mu je ko zance?" Na ƙare a kan shuɗiya mara ado da farin mayafi, da tsohon takalmin roba da nake ban ruwan shuka da shi. Turare kuwa na fesa, don bincike bai hana mutum ƙamshi ba.

Tafkin yana bayan gari, tafiyar rabin awa. Mun tarar da shi a bakin ruwa da malafarsa da wata riga mai aljihu ya fi goma, kowanne da abin da ya kumbura shi. Ya ga Auta ta ɗaga waya tana ɗauka, ya gyara tsayuwa ya cire malafa kamar za a ba shi lambar yabo. Bai san komai ba. Mutumin nan gari na iya ƙonewa yana duba ruwan kwata.

"Malama, sannu da zuwa. 'Yata, ki zauna a tsakiya, kada ki jingina."

Mai kwalekwalen, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, ya ƙi haɗa ido da ni. Na fahimci daga gidansa labarin ya fito. Muka shiga. Ruwan gefen tafkin kore ne shar, da gansakuka shimfiɗe a kan duwatsun ƙasa kamar darduma, kuma duk jikinta ƙananan ƙwayoyin iska ne suna ƙyalli, suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya suna hawowa sama.

"Kin ga waɗannan?" ya ce. "Ki gaishe su. Da bazarsu kike numfashi."

"Da bazar wa? Wannan ƙazantar?"

"Ƙananan halittu ne, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Aikinsu su fasa ruwa da hasken rana, su ɗauki abin da za su ci, su watsar da oksijin. Shararsu ce. Mu kuma da sharar muke rayuwa."

"Dakata, Malam. Shekara talatin da uku ina gaya wa yara bishiya ce ke ba mu iskar shaƙa. Har waƙa muka yi mata a taron safe. Kana nufin ƙarya na koyar?"

"Wane ni! Bishiya tana nata. Amma baƙuwa ce, ta zo ta tarar an share gida an yi shimfiɗa. Bishiyar farko ba ta kai shekara miliyan ɗari huɗu ba. Kakannin waɗannan kuwa sun fara zuba oksijin a iska sama da shekara biliyan biyu da suka wuce. Kafin su, da za a ajiye ki a duniyar nan, numfashi kaɗan za ki ja ki faɗi. Koren da ke cikin ganye ma jikokinsu ne, suka shiga haya suka ƙi fita."

Auta ta tuntsire da dariya har kwalekwalen ya girgiza. Ni ban yi ba.

"Kana wurin?"

"Ina?"

"Shekara biliyan biyu. Kana wurin, ko an ce maka ne?"

Maimakon ya ji haushi, sai fuskarsa ta washe kamar na ba shi kyauta. Ya laluba aljihu na huɗu ko na biyar, ya ciro wani dutse ya sa mini a tafi. Nauyi gare shi, da layi-layi ja da baƙi.

"Ga wanda yake wurin. Jan nan tsatsa ce. A wancan zamanin teku cike take da narkakken ƙarfe. Duk oksijin da ƙananan nan suka fitar, ƙarfen ya shanye ya zama tsatsa ya kwanta a ƙasa. Shekaru miliyoyi suna aiki, ba a ga komai a sama ba. Sai da masu shanyewa suka ƙoshi, sannan iskar ta fara taruwa. Shi ya sa nake son tafkin nan. Can ƙasansa babu oksijin, kamar tsohuwar duniya, samansa kuma irin tamu ce." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Sun yi haƙurin miliyoyin shekaru. Ni wata biyar kawai na yi, ban ga abin ƙorafi ba."

"Malam, a gaban 'yata?"

"Ni ban ji komai ba," in ji Auta, wayarta na ci gaba da ɗauka.

Muka isa wurin wata jarka da ke yawo a kan ruwa. Ya kama igiyar da ke ɗaure da ita ya fara jawowa. Kwalabe biyu suka fito a haɗe. Ɗaya fara tas. Ɗayar a naɗe cikin abin da a da ake kira mayafina. Ya koɗe, ya yi yauƙi, har wata 'yar dodon koɗi ta yi gida a kan ganyayen azurfar.

Mai kwalekwale ya kau da kai yana motsa baki.

"Wannan fa?" na ce, muryata a daidai.

"Ai nan ne daɗin aikin! Ruwa ɗaya na zuba musu. Wannan tana ganin rana, wannan na hana ta. Bayan awa shida sai in auna." Ya zura wani ƙarfe mai waya a farar kwalbar, lamba ta fito a 'yar na'urarsa. Ya zura a baƙar, lambar ta sauka. "Kin gani? Mai haske ta ƙaru da oksijin, mai duhu ta ragu, don a duhu su ma shaƙa suke yi. Bambancin shi ne aikin yini."

"Ƙyallen nake tambaya."

"Af, wannan? Wallahi Allah ne ya kawo shi. Da baƙar leda nake naɗewa, tana yagewa. Wata rana ina share mota na tsince shi a ƙarƙashin kujera, ina jin na makanike ne. Ki taɓa ki ji kauri! Ko ɗigon haske ba ya ratsa shi. A duk shekarun da na yi a aikin nan ban sami tsumma mai kyansa ba."

Tsumma, jama'a.

Auta ta toshe baki da mayafinta, kafaɗunta na rawa don dariya, wayar na ci gaba da ɗauka. Mai kwalekwale ya saki baki yana kallonsa, sannan a karo na farko ya dube ni.

"Hajiya, wai bai san naki ba ne?"

"Na wa?" in ji Mai Kwalabe. Ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya sake duban ƙyallen. Na ga lokacin da abin ya isa ƙwaƙwalwarsa. Ya cire malafa, ya mayar, ya sake cirewa. "Malama... ranar asibiti... subhanallahi. Wata biyar! Na shiga uku."

"Ba ka shiga ba tukuna. Gari ya ɗauka asiri ka yi mini, kuma ɗana na shirin hana ƙannenka zuwa."

Ya zauna daɓas a kan katakon. Na zaci zai fara rantse-rantse. Sai ya ce a hankali, "In kin ga a fasa, ba zan ga laifinki ba. Amma don Allah kada ki yarda na yi miki wannan. Ga na'urar, ki kai musu su gani."

"Na'urarka ce, kai ka san abin da ka gaya mata. Ni ma ban gama yarda da kai ba a kan bishiyata. Kwance mini mayafina. Ka cika mini manyan kwalabe biyu da koren nan, har da ruwansa."

Abin da na tuna shi ne wani gwaji da aka koya mana a kwalejin horon malamai, wanda ban taɓa samun kayan yi wa yara ba. Muna isa gida na yanke kawunan gorar ruwa guda biyu suka zama mazurari. Na kifa kowanne a kan gansakukar da ke cikin kwalba, na cika 'yan siraran kwalaben gwaji da Auta ta ba ni da ruwa, na kifa su a bakin mazuraran ta yadda duk iskar da ta taso a ciki za ta taru. Na jera su a baranda inda rana ta fi duka. Ɗaya na bar ta a buɗe. Ɗayar na lulluɓe ta da mayafin, da ƙarninsa da komai.

Da yamma saƙon Mai Kwalabe ya shigo: "Na je shago uku ban sami irinsa ba."

Na rubuta: "Ba za ka samu ba."

"To me zan yi?"

"Ka yi addu'a gobe a yi rana."

Aka kuwa yi ta, har ta yi yawa. Juma'a da la'asar falona ya cika. Injiniya ya zo da farar shadda da fuskar shugaban kwamitin bincike. Matarsa ta zauna kusa da ƙofa tana danne dariya, don Auta ta riga ta nuna mata bidiyon. Ƙanwata ta ƙi zama a kujerar da ke kusa da baranda, wai ƙarnin abin na hawa mata kai.

Na sa aka shigo da kwalaben aka ɗora a tebur. Na yaye mayafin. Siririyar kwalbar da ke ƙarƙashinsa cike take da ruwa yadda na bar ta, in ban da ɗan ɗigon iska a sama. Ta ranar kuwa iska ta kore ruwan har ya wuce rabi.

"Injiniya, ka yi kimiyya a makaranta ko kuwa rakiya ka yi?"

"Umma..."

"Zaro mini tsinke a tsintsiya. Ƙyasta ashana."

Ya kunna tsinken, na sa ya hure shi, saura jan garwashi a baki. Na toshe siririyar kwalbar da babban yatsa a cikin ruwa, na ɗago ta, na juyo bakinta sama. In abin nan ya ƙi, da bakina na yi alkawari.

"Zura."

Na janye yatsa, ya zura. Garwashin ya yi fari, sai fuf, wuta ta kama tsinken.

"La'ilaha illallahu!" Ƙanwata ta miƙe tsaye. "Kun gani ko? Wuta daga ruwa!"

"Gwaggo, oksijin ne," in ji Injiniya, yana kallon tsinken kamar yaron aji huɗu. "Irin wanda su Auta ke sa wa marasa lafiya. Umma, daga wannan koren ya fito?"

"Daga shi. Wanda ya ga rana ya bayar, wanda aka rufe bai bayar ba. Don haka yake naɗe kwalba ɗaya da baƙin ƙyalle, ya san bambanci. Auta, kunna musu inda ya ce tsumman makanike ne."

Ta kunna. Da aka zo wurin, matar Injiniya ta zame daga kujera. Shi kansa ya juya baya yana tari. Sai da suka sa aka maimaita sau uku, har da wurin cire malafa.

Ƙanwata dai ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dube ni irin kallon da take mini tun muna yara idan ta san na ɓoye wani abu.

"To na ji, babu komai a kwalba. Amma Yaya, ni na san ki. Ke da ko allura ba kya mantawa. Shekara talatin da uku makullin makaranta bai taɓa ɓata a hannunki ba. Ki shiga motar mutum rana ɗaya ki fito ba mayafi, bayan wata biyar ki ce za ki aure shi? In ba wani abu ya yi miki ba, yaya aka yi kika manta?"

Injiniya ya ajiye tsinken, wayarsa a ɗaya hannun, lambar ƙanin Mai Kwalabe a buɗe a kan fuskarta.

"Gaskiyar Gwaggo ne, Umma. Wannan kaɗai ya rage mini. In kira su in ce su zo, ko in ce su dakata?"

Na ɗauki mayafin na matse sauran ruwan a cikin kwalba, na ninke shi gida huɗu na ɗora a cinyata.

"Ka ce su zo gobe ƙarfe goma. Ban manta shi ba. Ninke shi na yi haka, na tura ƙarƙashin kujera da ƙafata, don ya sami dalilin dawowa. Shi kuma bai ma gan shi ba ya dawo."